Tsohuwar da Ta Hana a Taɓa Harshena

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma kakata ta koma, wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar cirar albasa. Ina Madawa, a shagon da nake koyon ɗinki, sai wani direban kamyo, babbar motar kaya, ɗan garinmu ya leƙo, ya rage murya, ya ce, "Tsohuwakku ta cika." Kafin in sami motar Buza, in sauka a hanya, in taka zuwa ƙauyenmu da ke gefen Tama, an riga an kai ta makwancinta. Ban ga fuskarta ba. Zaman makoki na tarar.

Na sha zuwa gaisuwar mutuwa, amma ban taɓa ganin inda masu gaisuwa suke zuwa da labari iri ɗaya ba sai a nan. Kowa ya zauna, ya yi addu'a, ya shafa, sai ka ji ya ce, "Ni ma ta taɓa tambayata." Da na shiga cikin gida gaida mata, na tarar da wata 'yar unguwarmu da ta yi aure a Tamaske, ta zo da jikarta a goye, tana kuka tana dariya lokaci guda. Ta ce, "Ina ƙarama tac ce mini, akuya ukku ƙahwa nawa? Nac ce goma. Wallahi ba ta yi dariya ba. Tac ce in tahi garke in gwada mata wace akuya ta ar rasa ƙahwa. Nan nay yini cikin awaki ina ɗaga musu ƙahwahu."

A ƙofar gida kuwa wani tsoho, abokin wasanta, ya daɗe yana jan carbi, can ya ɗago ya ce, "Masu tambayak kabari yau sun samu aiki. Su yi mata guda, ta maida musu biyu." Liman ya ce astagfirullah, amma kowa ya ga kafaɗarsa tana rawa. Sai da ya natsu sannan ya ɗaga hannu ya roƙi Allah Ya daidaita harshenta wajen amsa, muka ce amin.

Mutum ɗaya ne bai ba da labari ba, wato yayan mahaifina, wanda muke kira Baba Babba. Shi ne ɗanta na fari. Da na durƙusa gabansa, ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya ce a hankali, "Har nay yi hurhura ba ta taɓa kiran sunana ba." Ni da shi mun san abin da yake nufi.

Ba ta bar hoto ba. Ba ta bar gona da sunanta ba. Yaran da aka haifa bana za su tashi ba su san an yi wata mata irinta a garin nan ba, abin da ya tsaya mini a rai ke nan har na ɗauki alƙalami. Kuma ina da dalili nawa na kaina: ba don ita ba, da an sa mini aska a ƙarƙashin harshe tun ina ɗan shekara biyar ko shida.

'Yar ƙaramar mace ce, baƙa, mai saurin tafiya, yanar ido ta rufe mata ido ɗaya tun kafin a haife ni. Sana'arta saƙar faifai. Wurin zamanta inuwar rumbu, kaba a gefe, goro a kumatu, yara kewaye da ita. Ba ta shiga lakwal, makarantar boko, ba, karatun allonta ma bai wuce abin salla ba. Ba ta da tatsuniya mai daɗi, ba ta da murya, hannunta kuma ba ya saurin buɗewa. Amma yara sun fi son inuwar rumbunta da kowane wuri, saboda ita kaɗai ce babba a unguwar da take tambayar yaro abu kuma ta tsaya ta ji abin da zai ce.

Kayan aikinta tsakuwa. A ƙasarmu ta Adar ko ba ka da komai kana da tsakuwa. Na tuna ranar da ta jera biyar a ƙasa, ta ware su nesa da juna, ta kuma tara wasu biyar wuri ɗaya, ta tambayi 'yar maƙwabcinmu wane ɓangare ya fi yawa. Yarinyar ta nuna dogon layin.

"Ƙaƙa kinka yi kinka sani?" in ji Kaka.

"Ya hi tsawo."

"Gaskiyakki, ya hi tsawo. To in za su tahi rijiya, kowace ta kama hannun guda daga can, wa za a bari baya?"

Yarinyar ta durƙusa tana haɗa su biyu-biyu. Ba a bar kowa baya ba. Ta zuba wa tsakuwar ido, ta sake ware su da kanta, ta sake haɗawa, ta ga dai haka ne. Kaka ta koma saƙarta. Kafin la'asar yarinyar ta zagaye unguwa tana tare manya a hanya tana gwada musu, har da mai unguwa.

Wannan tambaya, "Ƙaƙa kay yi kas sani?", ita ce gishirin bakinta. Ko amsarka daidai ce sai ta yi maka ita, ko ba daidai ba ce sai ta yi maka ita, da murya iri ɗaya, don haka ba ka iya gane komai a fuskarta. Dole ka koma cikin kanka ka binciko hanyar da ka bi. Sau da yawa kana tsakiyar bayani za ka ji ka taka inda ka kauce, ka ce, "A'a, tsaya!" Ita kuma sai ta tsaya. Idan bakinka ya kasa, ta ce, "Gwada mini da hannu." Idan ka gama kana jin kai ne gwani, ta ce, "To in kaza ta ɗauke guda hwa?" Idan yara biyu sun sami amsa ɗaya, ba ta barinsu su tafi sai ta ji ko hanyarsu ɗaya ce. Ban taɓa jin ta ce wa yaro "ka yi kuskure" ba, kuma ban taɓa ganin yaro ya tashi daga gabanta da kuskurensa a hannu ba. Yadda take haɗa waɗannan biyun har yau yana ba ni mamaki.

Jira kuwa, a nan ne ta gagari kowa. Tana iya yin tambaya ta tauna goro, ta tsaga kaba, ta kori kuda, yaro yana ta motsa leɓe, ita ko a jikinta. Iyaye mata ne ba sa iya daurewa. Wata rana ta tambayi wani yaro curin fura nawa ke cikin ƙwarya, uwar tana gefe tana daka, ta ga ɗanta ya yi shiru, kunya ta kama ta, ta ce, "Ce shidda mana!" Kaka ta juya da idonta mai gani, ta ce, "Ke anka tambaya? Ke ai na san kin iya, shi yas sa anka yi miki aure." Matar ta yi sati ba ta gaishe ta da sakin fuska ba. Daga baya ita da kanta ta riƙa turo yaron.

Faɗanta da iyaye ba ya ƙarewa. Takan ce iyaye mata ba su san wata tambaya ba sai "ka ci?" da "ka ƙoshi?", waɗanda yaro yake amsawa da ka ba sai ya buɗe baki ba. Iyaye maza kuma ba sa tambaya sai an yi ɓarna: wa ya bar garke a buɗe, wa ya fasa tulu. Ta ce yaron da ya tashi a haka, da ya ji an ce "wa" ko "nawa" sai ya fara neman ƙofa. Tana faɗin wannan a gaban kowa, ba ta duba gemu.

Lokacin babbar yunwa, da aka koma cin jar dawar taimako da ganyen daji, takan tara mu da rana tsaka, sa'ad da tukunya ba ta da niyyar nuna. Sai ta fito da goriba uku daga ƙarƙashin tabarma ta ce, "Mu huɗu na, ga goriba ukku. Ƙaƙa za mu yi?" Nan gardama za ta kaure. Wannan ya ce a fasa, wancan ya ce goriba ba ta fasuwa daidai, wata ta ce kowa ya gatsa ya miƙa, a ce to wa zai fara. Tana ta zuga su da "don mi?" da "wa yag ga wata hanya?" har hayaƙin murhu ya canza. Idan an gama shari'a aka zo kan rabonta, kullum a ranar haƙorinta yake ciwo. Mun daɗe muna jin tausayin haƙorin nan.

Na ce "mu", amma ni a cikin gardamar nan ba ni da baki. Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, kuma kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a wurinmu. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana, ba ta dubansa a gaban mutane. Kunya ce, kuma abin yabo ce. Mahaifiyata ta riƙe ta sosai, har mata suna misali da ita. Ba ta taɓa barina da yunwa ba, rigata ba ta taɓa kwana da yaga ba, amma duk abin da za ta yi mini ta hannun wani yake biyowa. Mahaifina kuwa yana Abijan wajen biɗa, sai damina ta kusa yake zuwa, shi ma da tasa kunyar. Na tashi a gidan da ake sona ƙwarai, ba a ce mini komai.

Don haka ni ma ban ce komai ba. Ina ji, ina ganewa, in an aike ni in je, in ina son abu in nuna da yatsa. Ƙanwata da aka haifa bayana tana ta zuba kamar kanya, ni shiru. Mutane suka fara cewa bebe ne. Wasu suka ce ba bebe ba ne, linzami gare shi, wato 'yar jijiyar nan ta ƙarƙashin harshe ce ta ɗaure shi, sai wanzami ya yanke.

Kaka kuwa wata hanya ta bi. Dabara ta yi mini. Da yamma idan zabinta sun dawo, sai ta ce, "Mijina, idon ga nawa ya mutu. Duba mini, sun cika?" Haka take kirana, mijinta, irin wasan kaka da jika. Ni kuma sai in ɗaga mata yatsu. Ta ce, "Mai ido guda kake ɗaga ma yatsu? Ba ni gani." In matso da su har hancinta, ta ce duhu take gani. Muka daɗe a haka, ina jin haushinta. Ran nan wata zabuwa ba ta dawo ba. Na ɗaga yatsu, na ja mata zane, na buga ƙafa, ta yi ta saƙarta. Abin ya ishe ni, na kai bakina kunnenta na ce, "Saura guda."

Ba ta yi guɗa ba, ba ta kira kowa ba, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Wace?"

"Mai ɗingishi."

"Ƙaƙa kay yi kas sani?"

Na gaya mata. Ta ce to mu je mu nemo ta, muka same ta a bayan danga. Sai da na girma ta faɗa mini cewa a ranar murna ta sa har ta ɓata faifan, ta warware shi washegari.

Daga nan na zama mai magana, amma a ɗakinta kaɗai, da raɗa. Da na tsallake ƙofarta bakina yake rufewa.

Baba Babba shi ke riƙe da gida tunda mahaifina ba ya nan. Mutum ne mai tsawa amma mai tsoron Allah, kuma da gaske yake tsoron kada ɗan ƙanensa ya lalace a hannunsa. Bayan an gama girbi ya ce zai aika a kira wanzami daga Karofan. Kaka ta ce yaro yana magana. Ya ce to ya yi a ji. Aka kai ni zaure gaban dattawa, ya dube ni ya ce da ƙarfi, "Kai! Tumakin gidan ga nawa na?" Na san amsar, na san har wadda take da ciki. Amma idanu sun yi mini yawa. Na tsaya ina kallon yatsun ƙafata har aka ce in tafi.

A ranar na ga faɗan da ban taɓa ganin irinsa ba. Ka tuna Baba Babba ma ɗan fari ne a wurin Kaka, don haka ba ta iya fuskantarsa. Ta tsaya tsakar gida ta juya masa baya, tana yi wa rumbu magana.

"A gaya ma mai gidan ga, abin da yay yi cikin zaure ba tambaya ta ba, tsawa ta."

Shi kuma ya dubi turmi ya ce, "A gaya ma tsohuwa, so ya ruhe mata ido. Yaro na girma, lakwal na biɗar ɗiya baɗi. Mu kai musu bebe?"

"A gaya mai harshen yaro lahiya lau yake. Kunnuwan gidan ga ad da linzami."

"A gaya mata na riga na aika."

Rumbu da turmi suka sha faɗa har aka kira azahar. Ba wanda ya ci nasara, saƙo kuwa ya riga ya tafi. Ni ina bayan tulu ina jin komai. Na san wani yaro a unguwar gabas da aka yi wa wannan yankan, ya yi jinya mai tsawo, bakinsa ya kumbura, ko kunu ba ya iya sha. Na riƙa taɓa ƙarƙashin harshena da yatsa ina neman abin da za a yanke.

Kaka ta san ba za ta iya da ɗanta ba, kuma ta san ko na yi magana a kunnenta sau dubu ba wanda zai yarda. Sai ta juya wajen da ba wanda ya yi tsammani. Washegari mahaifiyata tana surfe, ta je ta tsaya kanta, ta karɓi taɓarya ta ajiye. Ina inuwar rumbu, sun ɗauka wasa nake yi.

"Ke za ki tambaye shi," in ji Kaka.

Mahaifiyata ta ja mayafi ta rufe baki. "Inna, ni? Mi za a ce da ni cikin gari?"

"Za a ce abin da za a ce. Ni na yi tawa kunyar, na yi ta har anka yaba. Dubi abin da tab ba ni: dattijo mai gemu wanda bai iya tambayad ɗan yaro ba, don shi ma ba a taɓa tambaya tai ba."

Mahaifiyata ta fara hawaye. Kaka ta sassauta. Ta ce, "Ban ce ki kira suna nai ba. Ban ce ki dube shi ba. Ki tambayi ƙwarya, shina kusa shi ji. Amma ki tambayi abin da kike son sani da gaske, yaro ya san tambayar ƙarya. In kin yi, ki yi kurum, ko da za a kai gobe. In yaf faɗi daidai, kak ki ce daidai na. In bai faɗi daidai ba, kak ki gyara mai. Ki ce ƙaƙa anka yi, ki bar shi shi kai ki inda yat tahi."

Mahaifiyata ta share hawaye. Ta ɗauki taɓarya ta ci gaba da surfe. Kwanakin da suka biyo baya na lura tana zuwa kusa da inda nake, ta buɗe baki, ta rufe, ta wuce.

Wanzami ya iso da hantsi a kan jaki. Dattijo ne mai fara'a, ba mugu ba, har ya shafa kaina. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ya buɗe zabira, ya fito da aska yana wasa ta a tafin hannu. Baba Babba ya zaunar da ni tsakanin ƙafafunsa. Matarsa ta kawo ruwan zafi. Kaka tana inuwar rumbu da faifanta, ba ta ko kallonmu, ni kuwa na gama yanke cewa ta sallama ni.

Wanzami ya ce bari ya jiƙa maƙoshi tukuna, hanya ta yi nisa. Mahaifiyata ta fito da ƙwaryar fura ta durƙusa tana damawa, ta ba mu baya. Gefenta akwai kwandon ludayi. A gidanmu ba a ƙidaya mutane, an ce ba kyau, ludayi ake ƙidayawa. Ta dama, ta dama, har furar ta wuce damuwa. Can sai na ji muryarta, siririya, tana rawa, tana yi wa ƙwarya magana.

"Yau muna da baƙo. Ko ludayi guda nawa za a hiddo?"

Matar Baba Babba ta buɗe baki za ta amsa. Kaka ta yi gyaran murya sau ɗaya, ta rufe.

Gidan ya yi tsit. Na san ba ƙwarya ake tambaya ba. Wanzami ya daina wasa aska. Mahaifiyata ba ta juyo ba, ba ta sake tambaya ba, ta dai riƙe bakin ƙwarya da hannu biyu tana jira. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na san dai tunda aka haife ni ba ta taɓa jiran komai daga wurina ba sai ranar.

Na ce, "Shidda."

Baba Babba ya zabura har gwiwarsa ta buge ni. Mahaifiyata ta ce wa ƙwaryar, "Ƙaƙa anka yi anka sani?"

Sai bakina ya ɓalle. Na ɗaga yatsu ina lissafawa da ƙarfi: na Kaka mai baƙin bakin nan, na Baba babban, na matarsa Inna ta ɗakin gabas, na ƙanwata ƙarami wanda ta tauna, na baƙo sai a ba shi sabon don kada ya ce gidanmu ba mu da kirki, sannan na mai fura. Na ƙara da cewa hannu ɗaya ya ƙare sai da na ara yatsa a ɗayan. Wanzami ya fashe da dariya, ya mayar da aska cikin zabira, ya ce, "Wanga kunka kira ni in kwance ma harshe? Nan gaba ku za ku biɗe ni in ɗaure shi."

Kowa ya yi dariya. Baba Babba yana share ido da hannun riga, murna ta sa shi surutu, ya ce, "Alhamdu lillahi! Amma lissahi bai cika ba, ai mu..." Kaka ta ɗaga hannu ɗaya ba tare da ta dube shi ba. Ya haɗiye sauran.

Aska ta riga ta koma zabira. Abin da aka taru dominsa ya ƙare, da mahaifiyata ta tashi a nan ba wanda zai ce ba ta yi ƙoƙari ba. Amma ba ta tashi ba. Ta fito da ludayi shida ta jera a kan faifai, ta dube su, sannan ta ce, har yanzu da ƙwarya take, "Ba wanda anka bari baya?"

Na sake dubawa da kyau, domin Kaka ta koya mini kada in yi saurin amsa. Na ce, "Babu. Dut wanda kike ce ma zo ka sha, na sa shi."

Dariyar ta ɗauke. Ni ban san na faɗi wani abu ba, lissafi kawai na yi. Kullum idan ta gama damu takan kira kowa ɗaya bayan ɗaya, ni kuma Kaka ce take yafito ni in sha da ludayinta. Na ga matar Baba Babba ta sunkuyar da kai. Na ga Baba Babba yana kallon bayan tsohuwarsa. Kaka kuwa, wadda ba ta taɓa rasa tambaya ta gaba ba, ta ajiye faifai a cinya. Amsar tana bakinta, ta fi kowa saninta, ta riƙe ta.

Mahaifiyata ta sa hannu cikin kwando ta ɗauko wani ludayi. Ta goge shi da gefen zane, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta juyo gaba ɗaya, a gaban yayan mijinta da uwar mijinta da baƙo, ta dube ni cikin ido. Ban taɓa sanin idanunta suna da ɗan ja-ja a gefe ba sai ranar. Ta miƙo mini ta ce, "Zo ka sha."

Na tashi na je na sha.

Da yamma na nufi ɗakin Kaka yadda na saba, cike da labari. Na tarar da ita zaune a bakin ƙofa ta miƙe ƙafa ta tare hanya. Ta ce, "Ina za ka? Tahi can, uwakka na tsintar wake, ba ta san ko mudu nawa za shi yi ba." Na tsaya ina kallonta, na ɗauka wasa take yi. Ta kore ni da kaba.

Na yi fushi da ita a ranar. Sai da na girma na gane cewa ni kaɗai ne abin da tsohuwar nan take da shi wanda ba na kowa ba sai nata, muryar da ba mai jin ta sai ita, kuma da hannunta ta ɗauka ta ba wata.

Ya Allah, ga ta nan ta zo gare Ka. Ka yi mata rahama, Ka yalwata mata makwanci, Ka kira ta cikin waɗanda za Ka shayar.